Ra'ayinmu: Shaƙe gudun intanet a ɓoye tauye mudu ne

A shekarar 2007, wani injiniyan kwamfuta mai suna Robb Topolski, mazaunin jihar Oregon ta Amurka, ya yi niyyar raba wa masu sha'awa wasu tsofaffin waƙoƙi, irin waɗanda mutum huɗu kan haɗa murya su rera ba ganga ba kalangu. Waƙoƙin sun tsufa har babu sauran mai haƙƙin mallakarsu. Ya shirya su a kwamfutarsa, ya buɗe ƙofa ga duk mai son ɗauka, sai ya lura da an fara ɗauka layi yake tsinkewa. Da wani ne, da ya ɗora laifin a kan tsohuwar kwamfuta ko rashin sa'a, ya haƙura. Shi kuwa gwajin irin waɗannan abubuwa ne sana'arsa. Ya zauna ya bi sawun kowane saƙo da ke shiga da fita, har ya gano bakin zaren: kamfanin da yake biya kuɗin intanet duk wata, wato Comcast, shi ne ke tsinke layin da hannunsa.

Yadda kamfanin ke yin abin ya fi komai tayar da hankali. Ka ɗauka mutum biyu suna cinikin rago a kara, sai wani ya raɓo ya raɗa wa mai saye cewa mai rago ya fasa sayarwa, ya zagaya ya raɗa wa mai rago cewa mai saye ya fasa. Kowa ya kama gabansa yana zargin ɗan'uwansa, alhali babu wanda ya fasa. Haka na'urorin Comcast ke yi: suna ƙirƙirar saƙon katse magana na jabu, su aika wa kowace kwamfuta da sunan ɗayar. A watan Oktoba na wannan shekarar, kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa. Ya yi ƙoƙarin tura Littafi Mai Tsarki na Kirista, fassarar Sarki James, wanda babu mai haƙƙin mallakarsa a Amurka, kuma ya ga an tsinke shi kamar yadda Topolski ya faɗa. Da farko kamfanin ya musanta cewa yana toshe wani abu. Da hujja ta yi yawa, sai ya ce jinkirtawa kawai yake yi.

Mun ɗauko wannan tsohon labari ne domin tambayar da ya haifar tana nan da ranta, kuma ta iso ƙofar gidanmu. Tun da aka dakatar da Twitter a Najeriya a watan Yunin 2021, har zuwa Janairun 2022, kalmar VPN ta shiga bakin matasa daga Kano zuwa Sakkwato. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya sayi abu da tsada kuwa dole ya so ya san ko an cika masa mudu. Saboda haka muke tambaya: shin kamfani yana da ikon zaɓar wane irin amfani zai rage wa gudu a layin da ya riga ya sayar? In ya yi, wanda ya nemi dabarar kauce masa ya yi laifi?

Kafin a yanke hukunci, sai an san abin da ake rigima a kansa. A tsarin da aka saba, fayil yana zaune a wata babbar kwamfuta guda da ake kira saba, kowa ya je can ya ɗebo. In mutum dubu suka taru lokaci guda, sai ta gaji, kamar rijiya ɗaya a gari guda ranar kasuwa. A 2001 wani matashi Ba'amurke, Bram Cohen, ya fito da tsarin BitTorrent, wanda ya juya lamarin. Ana yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, kuma duk wanda ya sami gunduwa ɗaya zai fara miƙa wa wasu tun kafin ya gama haɗa nasa. Maimakon taron jama'a ya zama nauyi, sai ya zama gayya: iya yawan hannaye, iya saurin aiki. Cohen ya kuma gina tsarin a kan ba ni gishiri in ba ka manda, domin manhajar tana fifita wanda ke bayarwa a kan wanda ke karɓa kawai. Wannan ita ce musayar hannu da hannu, kwamfuta zuwa kwamfuta, ba tare da kowa ya yi layi a rijiya ɗaya ba.

Tsarin kansa ba haramtacce ba ne, kuma manyan ayyuka na halal sun dogara da shi. Masu Ubuntu da Debian suna raba manhajojinsu na kyauta ta wannan hanya. Rumbun ajiya na Internet Archive ya fara ba da fayiloli sama da miliyan ɗaya ta BitTorrent a 2012. Kamfanin Blizzard ya yi shekaru yana isar da gyare-gyaren wasansa na World of Warcraft da shi, Twitter da Facebook kuma sun yi amfani da shi wajen rarraba sababbin manhajoji ga dubban kwamfutocinsu. Malamin da ke son sauke Wikipedia gaba ɗaya ta Kiwix domin ɗaliban ƙauyen da babu sabis, ta nan ya fi samun sauƙi, domin in layi ya yanke a tsakiya ba sai ya faro daga farko ba. Amma ba za mu rufe ido ba: ta wannan hanyar ce kuma fina-finai da waƙoƙi da manhajojin sata masu ɗimbin yawa suka bi duniya.

To, mu ji ta bakin kamfanonin, domin suna da hujjar da ba za a yar ba. Babu kamfanin da ke shimfiɗa layin da zai ishi kowa a lokaci guda. Ana sayarwa ne bisa lissafin cewa ba duka gidaje za su buɗe famfo tare ba. A tsarin kebul irin na Comcast, gidajen unguwa guda suna raba bututu ɗaya, kuma ɓangaren fitar da bayanai ya fi na shigowa ƙunci nesa ba kusa ba, saboda an gina shi ne da tunanin mutane za su fi karɓa fiye da bayarwa. Sai ga wata manhaja da ke bayarwa dare da rana, ko mai gida yana barci. Ƙari a kan haka, intanet yana raba gudu ne tsakanin haɗe-haɗen da aka buɗe, ba tsakanin mutane ba. Mai duba wasiƙa ya buɗe haɗi ɗaya ko biyu, mai BitTorrent ya buɗe gommai. Kamar layin famfon unguwa ne da aka ce kowace jarka ta bi layi, sai ga ɗan garuwa ya turo kura cike da jarkoki, yarinya mai bokiti ɗaya tana tsaye a bayansa. A 2004 wani kamfanin Ingila mai suna CacheLogic ya ƙiyasta cewa BitTorrent shi kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya bisa uku na zirga-zirgar intanet. Injiniyan da ke amsa ƙorafin maƙwabta cewa kiransu yana yankewa bai yi ƙarya ba in ya ce dole a yi wani abu.

Da kamfanoni suka fara shaƙewa, masu amfani ma suka fara neman mafita, aka shiga tsere na shekaru. Da farko abin mai sauƙi ne. BitTorrent yana bin ƙofofi masu lamba 6881 zuwa 6889, sai kamfanoni suka tsare waɗannan ƙofofin, masu amfani kuma suka canza lamba. Daga nan kamfanoni suka sayo na'urorin da ke leƙa cikin kowane ƙunshin bayanai su ga abin da ke ciki, irin waɗanda kamfanin Sandvine na Kanada ke ƙerawa, wanda shi Comcast ya yi aiki da kayansa. A 2006 masu manhajojin Azureus da µTorrent suka mayar da martani da kulle ƙunshin ta yadda mai leƙe ba zai gane shi ba. Bram Cohen kansa bai goyi bayan wannan mataki ba, domin yana ganin zai ƙara rura gaba da kamfanoni ne kawai. Su kuwa kamfanonin suka koma gane abin ta ɗabi'arsa, wato yawan haɗe-haɗe da yadda bayanai ke fita ba tsayawa, ko da ba su ga cikin ƙunshin ba. A ƙarshe aka zo ga VPN, wanda ke tattara duk zirga-zirgar mutum ya zuba ta a rufaffen bututu guda zuwa wata kwamfuta a wani wuri, kamfani ya ga ana wucewa amma bai san da me ba. Masu hali kuma suka koma hayar kwamfuta mai layi mai ƙarfi a wata ƙasa, ta yi musu musayar, su sauke abin a matsayin fayil na yau da kullum.

Wanda ya bi waɗannan hanyoyi yana da tasa hujjar, kuma a ganinmu ta fi ta kamfani nauyi a wurare uku. Na farko, an sayar masa da gudu ne da adadi, ba a sayar masa da jerin abubuwan da aka yarda ya yi ba. In akwai sharaɗi, lokacin ciniki ake faɗarsa. Na biyu, shaƙewar ba ta bambance mai laifi da mara laifi. Ta kama waƙoƙin Topolski da babu mai su, ta kama Littafi Mai Tsarki, ta taɓa ma masu amfani da Lotus Notes, manhajar wasiƙun ofis. A Kanada, kamfanin Rogers ya amsa a 2011 cewa na'urorinsa suna rage wa masu wasan World of Warcraft gudu bisa kuskure. Na uku, akwai son kai a ciki. Comcast yana sayar da tashoshin talabijin, kuma cikin waɗanda suka kai ƙararsa a 2007 akwai Vuze, kamfanin da ke raba bidiyo mai lasisi ta BitTorrent. Wanda ke da rumfa a kasuwa, kuma shi ne mai gadin ƙofar kasuwar, ba za a bar shi shi kaɗai ya yanke wa zai shiga da kaya ba.

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta saurari ɓangarorin. Bayan zaman da aka yi a Jami'ar Harvard a watan Fabrairun 2008, Comcast ya amsa cewa ya biya wasu mutane su riƙe wurare, yayin da jama'a da dama suka rasa wurin zama. A watan Agustan 2008 hukumar, da ƙuri'a 3 da 2, ta yanke cewa kamfanin ya yi ba daidai ba. A ƙarshen 2009 ya amince ya biya har dala miliyan 16 domin sasanta ƙarar da abokan cinikinsa suka shigar. Sai dai a watan Afrilun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta nuna tana da hurumin yin wannan hukunci ba. Daga nan Amurka ta shiga kai-komo kan ƙa'idar da malamin shari'a Tim Wu ya raɗa wa suna a 2003, wadda ke cewa mai layi ya zama ɗan ba-ruwanmu game da abin da ke bi ta layinsa. An kafa dokoki masu ƙarfi a 2015, aka soke su a 2017, aka maido su a 2024, kotu ta sake rushe su a Janairun 2025.

Wasu ƙasashen sun fi tsayawa a kan magana ɗaya. Chile ce ta fara kafa irin wannan doka a 2010. Holan ta bi baya a 2012, bayan kamfanin KPN ya bayyana niyyar karɓar ƙarin kuɗi daga masu amfani da WhatsApp da Skype. Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2015, wadda ta yarda a sarrafa cunkoso na ɗan lokaci amma ta hana yin hakan domin ribar kasuwanci. A Kanada, hukumar CRTC ta fitar da ƙa'ida a 2009 cewa duk kamfanin da zai rage gudu sai ya sanar da jama'a, kuma ya fara neman faɗaɗa layinsa tukuna. Zuwa 2012 kamfanonin Bell da Rogers duka sun ba da sanarwar daina shaƙe musayar hannu da hannu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda rigimar ta lafa a aikace, domin ba kulle ƙunshi ne ya kashe ta ba, ba kuma na'urar leƙe ba. Kowane ɓangare ne ya gyara kayansa. A ƙarshen 2008 Comcast ya koma wani tsari da ba ya duba irin manhajar da mutum ke amfani da ita. In bututun unguwa ya kusa cika, sai a duba wanda ya kwashe minti 15 yana cin kashi 70 cikin 100 na gudun da ya saya, a sa shi a bayan layi na ɗan lokaci, ko fim yake kallo ko fayil yake turawa. Da cunkoso ya wuce, a maido shi. A ɗaya ɓangaren kuma, injiniyoyin BitTorrent suka ƙera wata sabuwar hanya mai suna uTP, wadda ta zama ta yau da kullum a µTorrent a 2010. Ita tana auna jinkirin layi, da ta ji an fara cunkoso sai ta janye da kanta ta ba wasu hanya. Ɗan garuwa ya koyi matsawa gefe in ya ga mai bokiti ɗaya, mai famfo kuma ya daina tambayar me za a yi da ruwan. Wannan ya nuna cewa tun farko akwai hanyar magance cunkoso ba tare da ƙarya ba.

Yanzu sai mu juyo ga masu kaucewa, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a nan kowa yana da nasa kason. Ba duk mai ɓoye zirga-zirgarsa ne Topolski ba. Da yawa abin da suke ɓoyewa gumin wasu ne. Mu a nan ba ma buƙatar a ba mu labarin illar wannan. Mun ga yadda kasuwar faifan fina-finan Hausa da ta cika Ƙofar Wambai ta durƙushe, mun ga masu turi a bakin titi suna zuba fim goma a waya kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, mun ji kukan marubutan da littafinsu ke yawo a zaurukan WhatsApp kwana ɗaya bayan fitowarsa. Bayan kowane fim akwai mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da mai dafa wa 'yan wasa abinci. Wanda ya sauke shi ba da izini ba ya ci haƙƙinsu, ko da VPN goma ya rufe kansa. Rufaffen bututu yana ɓoye mutum daga kamfani, ba ya halatta masa abin da ke ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a sauke kayansa daga intanet.

Sai dai darasin Kannywood ya kuma nuna cewa shaƙe layi ba maganin satar fasaha ba ne. Mafi yawan abin da ake turawa a garuruwanmu ba ya bi ta layin kowane kamfani. Waya ce kusa da waya, ta Xender ko Bluetooth ko katin memori, musayar hannu da hannu ta gaskiya, wadda babu na'urar da za ta rage mata gudu. Abin da ya fara dawo da masu fim kan ƙafafunsu shi ne zuwa inda masu kallo suke: shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, da manhajojin kallo na biyan kuɗi. Haka ya faru a waje, inda rabon BitTorrent a zirga-zirgar intanet ya ragu sosai bayan Netflix da Spotify sun sa abin halal ya fi na sata sauƙin samu. Hukunta ɓarawo aikin doka ne da kotu. Ba aikin wata na'ura ba ne da ke yanke hukunci a ɓoye, ba mai ƙara ba mai kariya.

Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba mu yi wa matasanmu, domin VPN ba laya ba ce. Ba ya dawo da datar da ta ƙare, ba ya ɗage iyakar da aka sa wa tsarin da aka saya, ba ya rage cunkoso a turken sabis da ƙarfe takwas na dare. Sau da yawa ma ƙara jinkiri yake yi, tunda saƙo sai ya zagaya wata ƙasa ya dawo. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, babu VPN ɗin da ya amfani kowa, domin sai da hanya ake ɓad da kama. Mai amfani da BitTorrent a kan datar waya kuma ya sani cewa ana lissafa masa abin da ya bayar kamar yadda ake lissafa abin da ya karɓa. Uwa uba, amanar da ka cire daga hannun kamfanin layi, hannun mai VPN ka miƙa ta. A 2015 aka gano cewa Hola, VPN na kyauta mai miliyoyin masu amfani, yana sayar da layin masu amfani da shi ga wasu. Onavo, wanda Facebook ya mallaka, an cire shi daga shagon manhajojin Apple a 2018 saboda tattara bayanan masu amfani. Wannan shi ne gudun gara a faɗa wa zago. Manhajojin sata kuma su ne babbar ƙofar da ɓarayin intanet ke bi su shiga wayar da ke ɗauke da asusun bankin mutum.

A ƙasarmu, inda mafi yawan jama'a ke shiga intanet ta waya, rigimar ta fi fitowa ne da wata fuska: tsarin da aka tallata da manyan haruffa cewa ba shi da iyaka, sannan a ƙasa, da rubutun da sai an sa tabarau, a ce gudu zai ragu bayan an ci gigabait kaza. Asalin matsalar ɗaya ce da ta Oregon, wato bambanci tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka bayar. A Amurka, kamfanin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 60 a 2019 kan zargin rage wa masu irin wannan tsari gudu ba tare da cikakken bayani ba. Kamfanoninmu kuma sun riga sun san hanya mai tsabta, domin su ne ke sayar da datar dare da araha, su ja masu manyan fayiloli zuwa lokacin da layi ya yi sarari. Wannan sarrafa cunkoso ne a fili, da yardar mai saye, kuma ba mu taɓa jin wanda ya kira shi zalunci ba. Hukumar NCC ma ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet a 2019, wanda ya hana toshe abin halal ko rage masa gudu in ba don sarrafa layi bisa dalili ba, ya kuma wajabta wa kamfanoni bayyana yadda suke yi.

Ga matsayinmu. Kamfani yana da ikon kare layinsa daga cunkoso, amma da sharuɗɗa uku: ya faɗa a fili kafin ciniki, ya auna da yawan abin da mutum ke ci ba da irin manhajar da yake amfani da ita ba, kuma ya saki da zarar cunkoso ya wuce. Duk shaƙewar da ta rasa waɗannan tauye mudu ce, kuma ƙirƙirar saƙon jabu da sunan abokin ciniki yaudara ce ko da wane suna aka kira ta. Wanda ya biya kuɗinsa, yake musayar abin halal, bai wuce adadin da ya saya ba, in ya kulle ƙunshinsa ko ya bi ta VPN domin ya sami gudun da aka yi masa alkawari, ba mu ga laifinsa ba. Wanda kuma ya fake da wannan domin ya kwashi gumin wasu, ko ya danne maƙwabtan da suke raba layi ɗaya a gida ko makaranta ko ofis, ba shi da mafaka a wannan hujja.

Muna kira ga NCC da ta fitar da wannan kundi daga takarda zuwa aiki: ta riƙa gwada layukan kamfanoni da kanta, ta buga sakamakon, ta kuma tilasta a rubuta iyakar kowane tsari da Hausa da sauran harsunan ƙasa, da haruffa daidai da na tallar. Muna kira ga kamfanoni da su sa ƙarin kuɗin da aka amince musu ya bayyana a turaku da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, musamman a Arewa. Muna kira ga masu fim da marubuta da su ci gaba da sauƙaƙa hanyar saye, mu kuma masu kallo da karatu mu saya.

Kai kuma mai karatu, in ka ji layinka ya yi nauyi, kada ka tsaya a gunaguni. Karanta sharuɗɗan tsarin da ka saya, ka auna gudun layinka da safe da dare, da VPN da kuma ba tare da shi ba, ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka gan shi. Ka fara kai ƙorafi ga kamfaninka, in ba a saurare ka ba ka kira NCC a lamba 622, kyauta ne. Mutum ɗaya ne da ya ƙi haƙura ya rubuta abin da ya gani a Oregon, kuma kafin shekarar 2008 ta ƙare kamfanin ya sauya tsarinsa.